Ƙofar da Sukudireba Ya Gyara

Rana ta yi ja, masu shaguna na ta jan ƙyaure, sai wayar Sukudireba ta yi ƙara. Shi wannan bawan Allah mai gyaran kayan wuta ne: rediyo, talabijin, fanka, waya, duk wani abin da ke shan lantarki. Sunan ya bi shi ne saboda wani ɗan sukudireba mai jan kai da ba ya barin aljihun gabansa. Da shi yake sosa kunne, da shi yake juya shayi, an ce ko ranar aurensa yana nan tsaye a aljihu kamar shi ne abokin ango. Ga cika baki. In ya fara labari sai ka rantse shi ya koya wa wuta bin waya.

Ƙanwarsa ce ta kira, Auta.

"Yaya, in ka tashi ka biyo ta nan don Allah. Akwatin gem ɗin nan ya ƙi mutuwa. Kwana huɗu ke nan yana yi mini ƙara a ka."

"Ke dai da na'ura ba kwa ga maciji. Ki danna jan maɓallin mana."

"Na danna har yatsana ya yi tsami."

"To ina zuwa. Maigidan fa? Ya farka?"

Ta ce, "Yana nan yadda yake."

Mijin Auta direban tanka ne, kowa ma Tanka yake ce masa, don wani ƙato ne da in ya shiga ɗaki sai iska ta fita. Wata biyu da suka wuce ya zamo daga saman motarsa ya karya ƙafa, aka ɗaure masa ita tun daga gwiwa har idon sawu. Mutumin da ya saba kwana a titi aka ce ya zauna a kujera. Zaman ya ishe shi, ya sa aka sayo masa akwatin gem ɗan gwanjo, irin na yin wasa a talabijin, ya duƙufa a kai safe da yamma. Kwana huɗu da suka wuce barci ya ɗauke shi a kujerar, rimot a hannu, bai sake farkawa ba. Likita ya zo sau biyu. Zuciya lafiya, jini lafiya, mutum dai ya ƙi tashi. Ya ɗaura masa ruwa, ya ce gobe a kai shi asibiti.

Gidan a hawa na uku yake. Sukudireba ya bi matakala yana haki yana zagin wanda ya ƙirƙiro bene. Ƙamshin albasa na fitowa daga ɗakin maƙwabta. Wani jariri na kuka a hawa na biyu. Tun kafin ya kai ya fara jin abin.

Gaf.

Sai shiru, kamar na numfashi uku.

Gaf.

Auta ta buɗe masa, idanunta sun yi luhu-luhu. Falon na warin maganin asibiti da zufa. Ga Tanka nan shame-shame a doguwar kujera, ƙafar a kan matashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka.

"Kai ƙaton banza, tashi ka gaida yayanka," in ji Sukudireba, ya ɗan daki kafaɗarsa. "Ka auri ƙanwata ka mai da ita mai gadi?"

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma sai ya bari.

Ya juya ga talabijin. Wata irin duniya ce a ciki, sama kamar toka, rana baƙa ƙirin da jan baki tana rataye, ba ta faɗi ba, ba ta hau ba. Matattun itatuwa. Hanyar taɓo. A ƙarshen hanyar wani dogon gini, bene kan bene har ya shige hazo, da fitila guda a goshinsa. Ƙofar ginin ce iska ke kaɗawa. Ta buɗe, ta dawo ta daki bango, ta ƙi kamawa, ta sake buɗewa.

"Otal ne," in ji Auta a hankali. "Ya ce duk duniyar wasan babu inda mutum ke hutawa sai nan. Ko ina abubuwa na farautarka. In ka gaji ka shiga, mai otal ya ba ka ɗaki, ka ajiye wasanka, gobe ka ɗora. Ranar ma ce mini ya yi bari ya kama ɗaki ya zo mu ci abinci."

"Kin zare filogi?"

"Yana bayan kabad. Ka san ni da wuta tun da ta ja ni."

Sukudireba ya yi tsaki. Duk mai gyara a duniya, ko na jirgin sama ne, abu guda yake fara yi: a kashe, a kunna. Ya ture kabad da kafaɗa, ya zura hannu cikin ƙura da yanar gizo, ya fizge filogin.

Talabijin ya yi ɗif. Falon ya yi tsit.

"Kin gani? Kwana huɗu kina wahala, ni daƙiƙa..."

Bai ƙarasa ba. Shirun ya yi yawa. Akwai wani sauti da ke falon tun shigowarsa wanda yanzu babu.

Ƙirjin Tanka ya tsaya.

Auta ta kurma ihu ta faɗa kansa tana jijjiga shi. Leɓɓansa suka fara yin toka-toka. Sukudireba ya tsaya da filogi a hannu kamar an dasa shi. Ya dubi filogin, ya dubi Tanka. Sai ya zube a gwiwa, ya kuskure soket sau biyu, a na uku ya shiga.

Akwatin ya yi ɗan kuka. Fitilarsa ta yi shuɗi. Wani zobe ya hau juyawa a fuskar talabijin, yana juyawa, yana juyawa, kamar ba shi da wata damuwa a duniya.

Gaf.

Tanka ya ja numfashi da ƙarfi, irin na wanda aka tsamo daga rijiya.

Sukudireba ya daɗe zaune a ƙasa. Ni mai ba ku labarin nan, da na taɓa kwana a maƙabarta don gardama, ban so a ce ni ne a wurin ba.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Yi shiru." Ya share goshi. "Ciwon ba a waje yake ba. A ciki yake. Ina ɗaya rimot ɗin?"

Ta miƙo masa, da abin sawa a kunne.

"Ki saurare ni. Kar ki kunna ayan, kar ki kunna hita, kar ki taɓa komai da zai ƙona fis. Ko me kika ga ina yi, ki bar wayar wutar nan. Zan shiga in fito miki da ƙaton mijinki ko da a kunne ne."

Da farko yatsu kawai yake dannawa, wani ɗan mutum na tafiya a talabijin. Sai ya ji warin jiƙaƙƙiyar toka. Sai sanyi a idon sawu. Da ya duba ƙasa, babu kafet. Taɓo ne ya shanye takalminsa.

Bai waiwaya ba. Akwai abin da ke bin sa ta cikin itatuwa, yana wani sauti kamar ana jan jiƙaƙƙen bargo a ƙasa. In ya tsaya, abin ma ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa.

Saura kaɗan ya kai, ƙofar ta kaɗa ta buɗe, wata mata ta faɗo waje da rarrafe. Gashinta fari fat. Tana kuka tana dariya. Taku uku ta yi, ta baje kamar hayaƙi. Sukudireba ya karanta duk addu'ar da ya iya, wadda ba ta da yawa, ya jira ƙofar ta sake buɗewa, ya faɗa ciki.

Warin kafur ne ya fara tarbarsa, da na tsohuwar katifa da ruwa ya daka. Zaure ne mai faɗi, benci guda, matakala ta yi sama cikin duhu. Ga dogon tebur. Bayan teburin allon rataye makullai, ƙugiya ɗaruruwa, kusan duk babu komai a kansu.

Mai otal na zaune. Farar riga tsaf, an goge. Fuskarsa sumul kamar sabulun da ya kusa ƙarewa, hanci da baki duk sun lafe. Idanun ba sa ƙiftawa. Hannayensa na kan tebur, kowane yatsa da gaɓoɓin da suka fi na mutum yawa.

"Sannu da zuwa, Injiniya."

Muryar taushi gare ta, irin ta mai rarrashin yaro. Kuma ku ji halin ɗan Adam. Duk duniya ba wanda ya taɓa kiran Sukudireba injiniya sai shi da kansa. Duk da tsoron da yake ji, sai da kansa ya ɗan kumbura.

"Ɗaki za a ba ka?"

"A'a. Surukina na zo ɗauka. Wani ƙato, ƙafarsa a ɗaure."

"Yana saukowa. Kwana uku ke nan yana saukowa. Benen da yawa, ƙafar ɗaya. Zauna ka jira shi."

"Ba za ka hana shi ba?"

"Ni?" Mai otal ya karkata kai. "Dubi ƙofata, Injiniya. Wa zan iya hanawa?"

Sukudireba ya zauna a benci.

Gaf.

Ya harɗe hannu. Ya dubi rufi.

Gaf.

To a nan ne fa. Sukudireba yana da wata cuta da ba a yi mata allura ba. Ba ya iya ganin abu a lalace ya ƙyale. In ya je gidanka sai ya ɗaure maka hannun tukunya. Ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa, ana addu'a yana kan kujera yana gyara fanka. Ba don taimako ba ne, ba don a yaba ba. Hannun ne ke ƙaiƙayi.

Gaf.

Ya saci kallon ƙofar. Itace ne mai kauri, makullin lafiyarsa lau. Ɗan farantin ƙarfen da harshen makulli ke shiga ne ya fita daga jikin katakon, yana can yashe a ƙasa. Rami huɗu, babu sukuru ko ɗaya.

"Aikin minti biyu," ya ce a ransa. "Wane irin otal ne wannan."

Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya cire takalmi ɗaya ya tokare ƙofar a buɗe. Ya taɓa aljihu. Jan kai na nan, har da ashanar da yake ƙona bakin waya da ita. Ya tsuguna.

Katakon duk ya sha yaƙushi a gefen ramukan. Wasu 'yan abubuwa fari-fari sun maƙale a ciki kamar ɓawon kifi. Ya hure su, ya goge da babban yatsa.

Wani ƙaramin faranti ya zamo a kan tebur, ƙiiii, ya tsaya a baki. Sukuru huɗu a ciki, sun sha mai.

"Na daɗe ina ajiye da su," in ji mai otal. "Ni hannuna ba na aiki ba ne."

"Ai ba kowa ba ne," in ji Sukudireba. Wallahi haka ya ce.

Ramukan sun yi faɗi, sukuru ba zai kama ba. Wani mai gyaran da nan zai tsaya. Shi kuwa ya karya kan ashana, ya cusa tsinke huɗu-huɗu a kowane rami, ya daddanna. Ya ɗora farantin ƙarfen, ya sa sukuru na farko. Ya kama tamau.

Can sama ya ji wani sauti. Dum. Sai jan abu. Dum. Sai jan abu.

Na biyu.

Dum.

Na uku. Har ya fara ɗan fito da baki, irin wanda yake yi a shago.

Na huɗu. Ya dafe da tafin hannu, ya yi masa murɗar ƙarshe, wadda ke sa katako ya yi ɗan kuka. Ya bi sauran ukun ya yi musu haka.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. A lokacin ya ga matakalar ta cika.

Mutane ne, tun daga ƙasa har inda duhu ya haɗiye su. Maza, mata, tsofaffi, masu kayan barci, masu kayan aiki. Ba mai motsi. Duk farantin ƙarfen suke kallo.

Tanka na gaba, a zaune a kan mataki, ƙafar a miƙe. Ya rame. Gwiwar hannunsa duk jini.

"Yaya." Da raɗa ya faɗa. "Me ka yi?"

"Ɗan gyara ne, ina jiranka. Taso mu tafi, matarka ta..."

"Wanda ya fita ta ƙofar nan shi ke farkawa, Yaya."

Wani tsoho da ke bayansa ya ɗaga hannaye. Sai na kusa da shi. Sai sauran, har sama.

Babu mai farce ko ɗaya.

"Da farce suka kwance sukuru huɗun nan," in ji Tanka. "Shekaru."

Kujerar mai otal ta yi ƙara.

Sukudireba ya faɗa kan farantin, ya kafa sukudireba, ya murɗa baya. Zufa ta jiƙe tafinsa. Ya zame. Ya sake kafawa. Ya zame, ya yanke shi a yatsa. Sukurun ko gezau.

Mai otal na miƙewa. Yana ta miƙewa. Kansa ya taɓa rufi, ya lanƙwasa, bai gama miƙewa ba.

"Tanka, taho! Yi tsalle, ƙaton banza, yi tsalle!"

Tanka ya kama ƙarfen matakala ya tashi. Tsalle ɗaya. Biyu. Ƙafar ta ci amanarsa, ya kife. Ya hau jan ciki. Na bayansa suka ɓarko, suna tattake juna, ba mai ihu, sai ƙarar gwiwoyi a kan katako.

Mai otal bai yi sauri ba. Taku biyu ya yi. Ya sa ƙafa ya shure takalmin waje.

Sukudireba ya cusa jikinsa a tsakani. Bayansa a jikin katako, ƙirjinsa a bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ciki iya tsawonsa.

Yatsa ɗaya mai otal ya ɗora a kan ƙofar.

Nauyin ya fi na tanka da kayanta.

"Ciki ko waje, Injiniya?" Kafur ya cika masa hanci. "Ina da ɗaki mai kyau. Akwai gyare-gyare da yawa a sama."

"Tanka!"

Saura kamu biyu tsakanin hannayensu.

Haƙarƙarinsa ya yi ƙas.

Saura kamu ɗaya.

"Yaya, riƙe. Don Allah riƙe."

Wani haƙarƙarin ya yi ƙas. Numfashi ya ƙi shiga.

Kan yatsunsu suka taɓa juna. Ɗumi gare su.

Shi dai har gobe cewa yake ƙofar ce ta tura shi. Allah ne ya sani. Abin da aka tabbatar, waje ya faɗo.

Ƙyat.

Ɗan sauti ne ƙarami, mai tsabta. Sautin makullin da ya zauna daidai.

Ya buɗe ido a kan kafet, rimot a ƙirjinsa, ƙafa ɗaya ba takalmi, bakinsa na ɗanɗanon jini. A talabijin ga otal nan, fitila na ci, ƙofa a rufe ruf. Iska na kaɗa itatuwa. Falon tsit, sai numfashin Tanka.

Auta na tsugune a kansa, fuskarta ta ɗan washe, karo na farko a kwana huɗu.

"Yaya, ƙarar ta daina. Ka gyara ke nan?"



An kai Tanka asibiti, aka yi wata biyu, aka dawo da shi yadda aka kai shi. Ƙafar ta warke, an kwance ɗaurin. Yana nan a doguwar kujera, yana numfashi.

Sukudireba ya bar kwana a gidansa. Ya jera batura a falon Auta tun daga bango har bango, ya ja waya biyu, ya ɗaure filogin da salatif, ya sa kabad ya danne. Ko walƙiya aka yi sai ya tashi ya duba. Shago kuwa sai ya ga dama. Masu zama a bakin shagon don jin ƙarya sun watse, babu abin ji. Fankar shagon ta shekara tana ƙara, bai ɗaga kai ya kalle ta ba. Auta na gaya wa maƙwabta duk duniya ba mai ɗan'uwa irin nata. In ta faɗa a gabansa sai ya tashi ya shiga bayi.

Kullum in rana ta yi ja yakan ɗauki rimot ya zauna. Ya bi hanyar taɓo, abin nan na jan bargonsa a baya, ya isa ƙofar. Ya shafa ta sama da ƙasa, ya gwada kowane kaifi da ya mallaka. Babu inda za a kafa. In ƙofa ta rufe, farantin a tsakani yake ɓuya, kuma daga ciki aka ɗaura shi.

Sai ya kanga kunne a jikin itacen. Wani lokaci yakan ji, can ƙasa-ƙasa, ƙaƙat, ƙaƙat, ƙaƙat. Ko farcen Tanka ne ko na wani, bai sani ba. Abin da ya sani, tsinke huɗu-huɗu ya cusa a ramukan nan, kuma kowane sukuru sai da ya yi masa murɗar ƙarshe.